Faifan Yaya a Injin Alhaji

Yayana ne ya sa hannu ya karɓi kwamfutar ofishin noman rani na Kalmalo. Zamanin soja ne, ƙarshen shekarun tamanin. Janareta ya ƙona ta dab da zuwan masu duba aiki daga Sakkwato. Ƙonewar inji ana iya yafewa, amma idan aikin shekara ya ɓace, zagon ƙasa za a kira shi, kuma Yaya za a tafi da shi.

Na zo gida hutu daga gidan rediyo. Na taɓa fassara wani bayani da ke cewa tsarin da ke tada kwamfuta ba a ɗaure yake da inji ɗaya ba, yana cikin faifai, kuma zai hau injin wani kamfani. Na karanta wa masu sauraro da cikakkiyar murya, amma ban taɓa gani ba.

Wani Alhaji ɗan kasuwa a Illela yana da kwamfuta da ya sayo a Kwanni, ƙetaren iyaka. Muka hau babur da faifai biyu, na tsarin da na aikin. A shingen hanya wani soja ya zaro su daga aljihun Yaya. Ganin baƙar jakarsu mai kusurwa huɗu, ya ɗauka ambulan ne.

"Buɗe."

"Ranka ya daɗe, ba a buɗe shi," in ji Yaya.

"A bakin iyaka kake yawo da abin da ba a buɗewa?"

Ya zaro wuƙa. Na nuna masa 'yar tagar da ake hango faifan aikin, na juya shi a hankali ya ga babu takarda. Ya danna babban yatsa a wurin, daidai inda aka hana taɓawa, sannan ya miƙo.

Alhaji ya dube mu sama da ƙasa. "Mi kuka kawo min? In injina ya mutu, Malam, kai da babur ɗinka nan za ku kwana."

Muka sa na tsarin. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru, Yaya yana ta salati ƙasa-ƙasa. Can rubutu ya bayyana. Haruffan allon bugawa ba a inda muka saba suke ba, jerin Faransa ne, sai da Yaya ya riƙa neman kowane harafi ɗaya bayan ɗaya.

Faifan aikin ya buɗe, ban da ɓangaren lissafin noman albasa, wanda ya ƙi karantuwa. Da masu dubawa suka zo, suka tambayi wannan ɓangaren, suka rubuta wani abu, suka tafi ba tare da Yaya ba. Har damina ta faɗi, ko wace mota ta tsaya a ƙofar gida, Yaya miƙewa yake yi.