Saura Kaɗan

"An ce yau injin ya fara nuna lamba."

"Ya nuna. Ya kai saba'in ya cije."

"To a kashe a sake kunnawa mana! Haka nake wa wayata."

"Je ka faɗa wa Saura Kaɗan. Ni tun safe ƙwayar shinkafa ban sa a bakina ba, wai sai an ga sakamakon jinina."

Saura Kaɗan yana jin majinyatan sarai ta bayan ƙofa, daga ɗan ɗakin nan mai sanyi inda uwar garke take, babbar kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin kowane majinyaci na asibitin. Ya zauna, ya miƙe, ya sake zama.

Shekara goma sha takwas yana kula da ita. Duk ranar da wuta ta ɗauke ba shiri, in an kunna ta sai ta bi faifanta kaf tana dubawa tana gyara kafin ta ba kowa komai. Wani lokaci minti ashirin, wani lokaci awa uku, allo baƙi ƙirin ba ko ɗigo. Duk wanda ya leƙo, amsa ɗaya yake samu: "Saura kaɗan." Shi kansa bai san saura nawa ba. Har sunan ya bi shi gida. In ya tambayi abinci, matarsa ta ce masa saura kaɗan, 'ya'yansa mata su kwashe da dariya.

Bara wani likita ya gaji da jira, ya zare fulogi ana tsakiyar gyara. Sakamakon mako guda ya bi iska, aka sake kiran mutane ana huda musu hannu. Tun daga nan Saura Kaɗan ya duƙufa, sai da ya sa injin ya riƙa ƙirga aikinsa a fili, kashi kaza cikin ɗari. Yau ce ranar farko da abin ya yi amfani, kuma yau ɗin ne ya baro tabaransa a kan tagar banɗakin gidansa saboda gaggawa. Ya kai hancinsa jikin allo. Bakwai da sifili yake iya gani, sauran duk hazo.

Aka banko ƙofa. Babbar nas ce, yayar matarsa, wadda ta samo masa aikin tun farko kuma ba ta bari ya manta.

"Mutum arba'in a kan benci, har da mai ciki. Me kake jira?"

"Yaya, saura..." Ya haɗiye sauran.

"Faɗa mana. Ƙarasa!"

"Yana aiki. Saurari faifan, kin ji yana ƙas-ƙas?"

"Firjin gidana ma yana ƙas-ƙas, kuma ba ya sanyi. Daga bakin ƙofa nake hango saba'in tun ɗazu. Lambarka ta mutu, mijin ƙanwata."

Ta taka zuwa bango, ta ɗora yatsa a kan makunni. In ta danna, ba mako guda ba, mai yiwuwa na shekara ya tafi. Ya nemi kalmar da za ta tsayar da ita, ya tarar duk ya ƙarar da su tuntuni. Sai ya tuna: da hannunsa ya saka ɗigo bayan lambar, da ƙaramar lamba a bayan ɗigon. In injin na da rai, ita ce ke motsi.

"Yaya, gaskiya ban san saura nawa ba. Ban taɓa sani ba."

Ta juyo ta dube shi, yatsan na nan inda yake.

Ya jawo kujerarsa ya ajiye gaban allon, ya share ta da hannun riga.

"Na bar idona a gida. Don Allah ki zo ki zauna, ki karanta min abin da ke bayan ɗigon nan. Da ƙarfi, yadda na kan benci za su ji."