Layin Jan Farce a Kofin Bu Jiryis

Ranar Talata ina kan rufin ɗaki ina shanya ɓaure, maƙwabciyata Imm Shahin ta ɗago kai daga tsakar gidanta ta ƙwala mini kira.

"Imm Jiryis! Kin ji labari? Sitt Muntaha za ta ajiye aiki ƙarshen wata."

Na ce, "Wace Muntaha?"

"Sitt Muntaha nawa gare mu a nan Kafar Lauz? Mai allura mana! Wai shekarunta sun cika, za ta yi ritaya."

Sai na nemi wuri na zauna. Tun rasuwar mijina Tanyus, wanda kowa ya sani da Bu Jiryis, wato baban Jiryis, kamar yadda ni ake ce mini Imm Jiryis, uwar Jiryis, bayan Istar bara, ban yarda wani ya ga hawayena ba. Ranar nan na yi kuka a kan ɓaure. Ina cikin kukan kuma na tuna wani abu, dariya ta ƙwace mini. Imm Shahin ta ce, "Ya Budurwa Maryamu, matar nan ta taɓu." Ban taɓu ba. Abin da na tuna shi ne zan faɗa. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma daga ka nake faɗa, amma duk wanda ya san garinmu zai shaida.

Sama da shekara talatin Sitt Muntaha ke buɗe ɗakin shan maganin ƙauyenmu. Sitt muke ce mata don girmamawa. Tana riga ƙararrawar coci fitowa, makulli a rataye a wuya, jaka a kafaɗa. Da hannunta take share ƙofa. Kafin ta gaida kowa sai ta fara gaida firij, ta buɗe ta duba ko magungunan rigakafi sun kwana da sanyinsu. In wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi, ta kwashe su a kula ta gangara shagon mahauci, ta ture masa nama gefe ta jera kwalabenta. Yakan yi ƙunƙuni, ita kuwa ta ce, "Naman naka ya riga ya mutu, waɗannan na masu rai ne."

Babu yaron da aka haifa a dutsen nan da ƙauyenmu ke kai da bai san hannunta ba. Tana ajiye alawar almon a aljihu, kafin yaro ya gama buɗe baki don kuka ta cusa masa ɗaya. Matan ƙauyen Musulmi da ke ƙasanmu ma wajenta suke hawowa da jariransu, suna kiranta Yaya. Shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya, mutane sun gan ta a bayan motar noma tana riƙe da jaka, za ta wajen matar makiyayi da naƙuda ta kama. Yarinyar da aka haifa ranar sunanta Muntaha, yanzu ita ma tana da goyo.

Duk waɗannan wasu za su fi ni iya faɗa. Nawa labarin na mijina ne.

Tanyus shi ne mai dafa arak, giyar inabi, na garinmu. In an gama tsinkar inabi, ruwansa ya tsumu a ganga, kowane gida kan kawo nasa bayan gidanmu, inda tukunyar jan ƙarfen kakansa take a kan murhu. A zuba, a sa ƙwayar yansun mai ƙamshi, a hura wuta a hankali, ruwa ya riƙa ɗiga ta bututu. Aikin duka a harshe yake. Farkon abin da ke ɗiga ba a sha, zubarwa ake yi, ƙarshensa ma ba shi da kyau. Tsakiyar ake so, kuma Tanyus ne ke ɗiga a harshe ya ce, "Yanzu, kawo tulu." In ya ce yanzu, to yanzu ne. Da wannan harshen yake taƙama, har ya fi taƙama da shi a kan 'ya'yansa.

Wata shekara da sanyi mura ta sauka masa a ƙirji. Muka kwana biyu a asibiti a birnin Zahle, numfashinsa kamar ana jan zarto. Da za a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce, "Uwa, in irin wannan ta sake kama shi ba rigakafi, ban ce zai ga Ista ba." Na riƙe maganar nan a raina duk rani.

Da kaka ta zo, allurar rigakafin mura ta iso wajen Sitt Muntaha. Mu mata muka je muka yi layi. Maza kuwa ko ƙeyarsu. Ashe Bu Shahin, mijin maƙwabciyata, ya ji daga wani ɗan'uwansa a Birazil cewa wanda aka yi wa allurar nan sai ya yi kwana arba'in bai ɗanɗani giya ba, in ba haka ba giyar ta kashe allurar, ko su haɗu su kashe mutum. Ga shi kuma an ɗora tukunya. Sai mazan garinmu suka zauna suka yi shawara, suka fito da dabarar da suke ganin babu kamarta: za su jira Babban Azumi. Ai dama a azumin suna barin arak har Ista, to sai a yi allurar a lokacin, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Na ce wa Tanyus, "Bu Jiryis, kafin azumi ya zo ai sanyi ya gama cin wanda zai ci."

Ya ce, "Mata, in na ɗaure harshena kwana arba'in, wa zai ce musu yanzu? So kike garin nan ya sha ruwan wanki shekara guda da sunana?"

Na yi roƙo, na yi faɗa, na daina sa masa tafarnuwa a abinci. Bai motsa ba. Na tafi wajen Sitt Muntaha na zauna a benci na faɗa mata duka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaya, "Yaushe ne babban taron tukunya?"

Na ce, "Asabar da rana."

Ta ce, "Ki ƙara dankali a toka. Ina da ci."

Asabar maza sun cika bayan gida, ana gasa nama, dankali na cikin toka. Limamin cocinmu Abuna Sim'an na zaune a kan kujerar da ta fi kowace kyau. Akwai kuma Mikayil, abokin mijina tun yarinta, wanda kowa ya san ba ya rabuwa da kwalba. Sai ga Sitt Muntaha ta ɓullo da kularta ta ajiye a gefen murhu.

Bu Shahin ya ce, "Maraba da Sitt. Amma in kayan aiki ne a kular nan, mu mun ɗaga sai azumi."

Ta ce, "Na ji. Ita murar kun aika mata? Ta yarda za ta jira?"

Aka kwashe da dariya. Bu Shahin ya gyara zama ya ce ɗan'uwansa na Birazil ba ya ƙarya.

"Ɗan'uwan nan naka ba shi ne ya aiko maka maganin sanƙo ba? Cire hular mu gani."

Bai cire ba, ya ƙara danna ta. Mikayil ya yi dariya har ya ƙware.

Sai ta juya wajen Abuna. "Abuna, don Allah faɗa musu. Shekara nawa ina yi maka allurar nan?"

Ya haɗiye dankalin bakinsa ya ce, "Da daɗewa, 'yata."

"Washegari kana kurɓar ruwan inabi a bagade ko ba ka kurɓa?"

"Kowace safiya. Aikina ne."

"To ku dube shi. Ya yi muku kama da gawa?"

Wani daga baya ya ce, "Gawa ba ta cin dankali huɗu." Abuna ya ɗaga masa sanda.

Da dariya ta lafa, ta daina wasa. Ta ce, "Ku saurara, iyayena da yayyena. Babu wani kwana arba'in. Ɗan kofi ɗaya da abinci ba ya kashe allura, ɗigo a harshe kuwa balle. Ban ce muku giya alheri ce ba, wanda ya bar ta gaba ɗaya ya fi kowa riba. Abin da nake so, yau da gobe kada wanda ya yi maye, don in kai ya yi ciwo mu san ko allurata ce ko kwalbarku. Amma akwai magana ɗaya da gaskiya a cikinta. Wanda ke kwana da kwalba ya tashi da kwalba, jikinsa a gajiye yake. Allura aikinta ta shiga ta tashi masu gadin jiki ta nuna musu ɓarawo. In ta tarar da masu gadin a kwance, za ta tashe su, amma ba da ƙarfin da ake so ba. Irin wannan mutumin ya fi kowa bukatar allurar, ya kuma fi kowa bukatar ya rage."

Ba ta kalli kowa ba da ta faɗi haka, wuta take kallo. Mikayil ya ce, "To me ya sa duk kuka zuba mini ido? Ni kaɗai ne mai baki a nan?"

Tanyus dai yana tsugune a bakin bututu. Ta je ta tsaya a kansa.

"Kawu Bu Jiryis, allurar nan sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta kama. Kai ka fi kowa sanin abin da ba a yi masa gaggawa, ba a kuma yi masa latti. In ka bari tsakiya ta wuce sannan ka kawo tulu, me za ka tara?"

Ya ce, "Ruwan banza."

"To allurar azumi ke nan."

Ya tara yatsa a bututu, ya ɗiga a harshe, ya lumshe ido. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofar kicin ina kallo. Sai ya buɗe ido ya ce, "Yanzu. Kawo tulu." Aka kawo. Sannan ya naɗe hannun riga ya miƙa mata dantse, ya ce, "Ke ma yanzu."

Tana goge masa dantse da auduga da sifirit, ya sunsuna ya ce, "Kun ji? Ita ma da giya take farawa, kuma nata ko yansun babu." Ranar nan duk namijin da ke bayan gidanmu ya miƙa hannu. Bu Shahin ya rufe ido yana kiran sunan uwarsa.

Kafin ta tafi ta ce in kawo mata ɗan kofin gilashin da Tanyus ke sha da shi. Ta ciro jan farce daga jaka ta ja layi a jikinsa, can ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Arak ya tsaya nan, sauran ruwa da ƙanƙara. Sau ɗaya a rana, da abinci. Wannan ba don allura ba ne, don ƙirjinka ne da Imm Jiryis."

Ya ɗaga kofin ya duba ya ce, "Wannan ai na wanke ido ne." Amma bai taɓa haye layin ba. In ya yi baƙi yakan nuna musu ya ce, "Iyakar ƙasata ke nan, Muntaha ce ta shata."

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Mura ta taɓa Tanyus, ya kwanta kwana kaɗan, ya tashi ya nemi abinci. Ban ce allura ke riƙe rai ba, rai na Allah ne. Amma ya ga Istar nan, ya ga wasu da yawa bayanta, ya yi rawa a bikin jikarmu da sanda a hannu. Daga shekarar nan kuma ya zama al'ada a garinmu, ba a ɗora tukunya sai kular Sitt Muntaha ta iso. Mikayil kuwa ta bi shi a hankali, ba a gaban mutane ba, tana leƙa shi gida har ya rage, daga baya ya bari. Yana nan da ransa, yana kiwon ƙudan zuma, yana damun kowa da wa'azi.

Tanyus ya tafi ne bayan cin abincin rana, a kujerarsa ƙarƙashin inabi. Na ɗauka barci yake. Sitt Muntaha na fara kira, ita ce ta rufe masa ido, ta zauna da ni har 'ya'yana suka iso daga Beirut.

Sitt Muntaha, ke ce mai alawa a aljihu da gaskiya a baki. Ke ce ba ki tsorata mazan nan da ƙarya don su miƙa hannu ba, ba ki kuma ce musu komai lafiya don su so ki ba. Kin hau dutse kin same su a bakin tukunyarsu, kin yi musu magana da abin da suka sani. Shekarun da na ƙara yi da Bu Jiryis, bayan Allah, ke na gode wa. Allah ya huta gajiyarki, ya ba ƙafafunki lafiya.

Ke kuma yarinyar da za a turo a madadinta, kada ki zauna a bayan tebur kina jiran mazan garin nan, ba za su zo ba. Ki tambayi ranar tukunya ki ɗauki kula. Ku kuma maza, kaka ta kusa. In wani ya kawo muku labari daga Birazil, ku tambayi mai allura tukuna.

Kofin yana nan. Kowace rana in na gama abincin rana nakan sauko da shi daga kanta in ɗauraye shi, ko da yake ba mai sha da shi. Ruwan sanyi kawai, ba sabulu, ba soso, kuma ina kauce wa gefen nan da yatsana don kada layin ya goge. Sai in zuba ruwa daidai layin, in tsinko reshen ɗoɗɗoya in sa a ciki, in ajiye a taga ta wajen hanyar da Sitt Muntaha ke bi.