Tuwon da Inna ba ta ci ba

Ban san wadda ta rubuta littafin girkin nan ba, amma har yau ban yafe mata ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa Gatawa, da ƙyar na ɗauko Inna na kawo ta gidana a Sabon Birni, hannunta na dama a ɗaure saboda faɗuwar da ta yi wajen gudu. Matata tana Turba wankan gida. Saura ni, malamin firamare da bai taɓa riƙe muciya ba. Kullum maganar Inna ɗaya, gida za ta. Na san in ba ta samu abin ci a nan ba, komawa za ta yi cikin bala'in nan. Tuwon sayarwa kuwa ba ta ci, wai ba ta san hannun da ya tuƙa ba.

Za a ce me ya hana in tambaye ta. Ni ne ɗan fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, in za ta yi mini magana bango take gaya wa. Matan maƙwabta kuma da na ce su koya mini, dariya suka yi har da tafawa.

Sai na sa direba ya nemo mini littafi a Sakkwato. Na farko duk kek ne da injin markaɗe, na jefar. Na biyu da na ga shafin tuwo har hamdala na yi. Ga abin da baiwar Allahn nan ta rubuta: a tafasa ruwa, a zuba gari daidai misali, a tuƙa har ya yi. Misalin uban wa? Har ya yi me? Babu zancen ruɗe, babu talge. Ta rubuta wa waɗanda suka iya ne, muguwa, mu kuwa ko oho. Haka nake antaya garin gero a tafasasshen ruwa, ya fito gudaji-gudaji, ɗanyen gari a cikinsu.

Amma kwano yana dawowa fes. Har yabon littafin na riƙa yi a makaranta, ni wawa.

Wata rana aka tashe mu daga makaranta da wuri, na tarar da Inna durƙushe a bakin rariya, tana tura tuwon da hannun hagu, awakin maƙwabta suna amsa ta waje. A ranar na lura da yadda wuyanta ya rame. Kunya ta hana ta dawo mini da kwano cike, ta zaɓi yunwa. Na ce, "Inna, za ni nemo mai dafa miki." Ta juya ta shige ɗaki.

Ranar kasuwa ta ɗaure ƙunshinta. Na roƙa, na kira dattawa, a banza. Da ta zauna a motar Gatawa sai ta dubi direba ta ce, "A gaya wa wancan tuwonshi ba shi da laifi, cikina ne ba ya amsa."