Agogon da Aka Aika Benin

A tashar Lolo, Malama Munira tana kallon wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, da alama tsohon malamin lissafi ne. Yana ta yi wa fasinjoji bayani, ba mai saurarensa: masana sun ce gudu yana rage saurin agogo, shi kuwa lissafinsa ya ce gaba zai yi da daƙiƙa uku. Shi ya sa ya riƙe agogo ɗaya, ya bai wa direba ɗaya ya je Benin da shi.

Ga direban ya dawo.

"Baba, na ga yana gaba kaɗan, sai na saita maka shi da wayata."

Dattijon ya dafe kai. "Haba Arzika! Kaɗan ɗin nan na aike ka ka ɗauko mini!"