La'asar a filin golf na Panyu

Ban taɓa sanin ana shayar da ciyawa don wasa ba sai da na fara zuwa Guangzhou sarin takalma, ƙarshen shekarun casa'in. Ƙanena ke min tafinta, don ni ko alli ban taɓa riƙewa ba. Mai masana'antar da muke saye a wajensa, lawban muke ce masa, wato maigida, ya ce shi ba ya maganar kaya a shago, sai mu same shi filin golf a Panyu.

Muna isa ya hau ba mu labarin wani birnin Larabawa a tsakiyar hamada, inda ya je kallon gasar ƙwararru. Wai an shimfiɗa ciyawa a kan rairayi, ana ba ta ruwa dare da rana. Na ce wa ƙanena ya gaya masa Allah ya kyauta. Lawban ya miƙo min ƙwallon na taɓa: fara, ba ta fi ƙwan kaza ba, tauri kamar dutse. Ƙanena ya ce in ta sami mutum a ka, sai dai wani ba shi ba.

Suka shige fili suka bar ni a rumfa inda maza ke shan giya. La'asar ta yi. Na yi alwala a famfo, na zaga bayan wani tudu, na tarar da fili shimfiɗaɗɗe, babu kowa. Na duba rana, don a can alƙibla yamma take, na shimfiɗa sallaya na tayar.

A raka'a ta biyu na ji wani abu ya faɗi tim a gefena. Sai wani ya wuce ta saman kunnena da fito. Ashe inda ƙwararrun da suka zo wata gasa ke gwada buga ƙwallo ne, su suna can ƙetaren tudun, ba sa ganina. Fatiha da nake karantawa tun ina yarinya ta nemi kuɓuce min. Na yi sujada ina jin ƙeyata a buɗe, ina tunanin yadda za a kai gawata Kano, da wanda zai yi min wanka a ƙasar nan. Amma ban taɓa katse salla ba, ban kuma san yadda ake yi ba.

Wata mata cikin masu ɗaukar wa 'yan wasa jaka ta taho da gudu, da faffaɗar malafa a kanta. Ta yi ta magana da yarensu, ta ja hannun rigata. Da ta ga ban motsa ba, sai ta buɗe ƙatuwar lema ta tsaya tsakanina da tudun, tana kwarma ihu wajen mutanen. Ina zaman tahiya na ji ƙwas, ƙwallo ta same ta, ta yi wata 'yar ƙara, lemar ta karkace, ta sake miƙar da ita.

Na sallame. Wuyan hannunta har ya fara kumbura. Ƙwallayen suka tsaya, ga ƙanena nan yana haki.

"Yaya, kashe kanki za ki yi? Ai ko malamai sun ce ana katsewa in akwai haɗari."

"Kai da ka san da haka, ina kake da lokaci ya yi?"

Na kwance ɗankwalina, na jiƙa shi da ruwan gorarta, na ɗaure mata hannun da kaina. Na ce mata shiye-shiye, iyakar godiyar da na iya da yarensu. Ta harare ni sosai, kuma da gaskiyarta. Na tsaya a kan lawban sai da ya sa aka kai ta asibiti.

Da muka koma masauki a unguwar Dengfeng na kulle ƙofa na sake la'asar ɗin, don a waccan rabin hankalina yana ƙeyata. Har a ɗakin, duk sujadar da na yi sai na ji kafaɗuna sun ɗage.