Kilimar Kaka Kalla

Duk wanda ya zauna a lungunmu na Zango ya san abin da Kaka Kalla ke yi da safiyar Juma'a. Kafin ya wanke rigar masallaci sai ya wanke wa kilimarsa rariyar tace ƙura, ya shanya ta a kan darni, ya zauna kusa yana korar awaki. Kilima kuwa ita ce akwatin ƙarfen nan mai hura sanyi a gidajen Nasara. Shi ne mai kula da ita a gidan wani Nasara mai sayen gyaɗa, kuma shekarar da aka sami mulkin kai Nasaran ya bar masa ita ya tafi. Ya kawo ta ɗakinsa, a unguwar da ko fitilar kuran, wato lantarki, guda babu!

Ƙanin kakana ne, shi kaɗai a gidansa. Matarsa ta rasu, ɗansa ya tafi Kano bai komo ba. In na taso daga lakwal, wato makarantar boko, nakan kai masa tuwo, in zauna a bakin ƙofa. Ni ba mai magana ba ce, kilima ma haka, sai ya raba mana hirar.

"'Yar lakwal, dubi nan. Da gashin kaza ake share haƙarƙarinta, ba tsinke ba. Mai kuma ɗigo ɗaya, ba miya ba ce."

Babban abokin gābansa zanzaro. Ya rushe masa gini a cikin fankar kilima, gobe zanzaron ya sake. Wata rana na iske shi a tsugune yana yi masa nasiha:

"Kai malam, duk faɗin Damagaram ka rasa fili sai nan? Je ka unguwar Kara-Kara mana!"

Kazar Inna Tabawa maƙwabciyarsa ma ta taɓa yin ƙwai a cikinta, ranar da ya bar murfin a buɗe. Inna ta zo karɓa.

"Kalla, ƙwaina."

"Ɗan da aka haifa a ɗakina? Na riga na yi masa suna da barkono."

Ta ce, "Allah ya isa! Ai dama akurki ne, gara ka ba ni shi."

Mato maƙeri kuwa murhu yake hange a jikinta. Kullum sai ya leƙo. "Baba, gawar nan ba za a yi mata sutura ba?"

"Barci take yi. Ƙarfe ba ya mutuwa, sakaci ke kashe shi. Ranar da kuran ya zo za ku yi layi a ƙofata."

Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma na ga in sun tafi yakan ɗora tafin hannu a kanta ya daɗe. Ba wanda ya taɓa jin kukanta sai shi, kuma ina jin shi kansa ya fara shakka.

Da bazarar bana ya kwanta ciwo, kuran bai zo ba. Wata Juma'a na iske rariya a cikin kwano, bai iya kai ta darni ba. Ban san inda na sami baki ba, na je na faɗa wa Mato. Shi da ya fi kowa tsiya, shi ya nemo amalanken jaki, ya roƙi wani Balarabe mai kanti da ke da kuran. Aka ɗora kilima, aka ɗora Kaka a gefenta, rabin lungu na biye.

"A hankali, Mato! Ba buhun gero ba ne!"

A kantin aka haɗa waya. Kaka ya runtse ido. Ta yi tari, ta yi gurnani, sai ga iska. Inna Tabawa ta rangaɗa guɗa. Aka zaunar da shi a gabanta, iskar tana kaɗa masa gemu. Can sai atishawa.

"Ashe abin da Nasara suke sha ke nan?"

Mato ya ce, "Haba Baba, kai da ka shekara da shekaru tare da ita?"

"A bayanta nake tsayawa, ta waje, in tari ruwan da take ɗigarwa. Can zafi take fitarwa. Ba na shiga ɗakin sai an kashe ta." Ya sake atishawa. "Ku ba ni bargo. Kuma ku kashe ta haka nan, kar ku gajiyar mini da ita."

A hanyar komawa har gida yana murmushi. Bai ga ruwan farko na damina ba.

Yanzu in na taso daga lakwal ƙafata takan juya lungunsa kafin in tuna. Allah ya jiƙan Kaka Kalla, ya gafarta masa, ya ɗebe masa kewa a inda ya kwanta. Amin.