Hannun da Ya Yi wa Aladu Allura

Shekarar da boru ya shigo fadamar Argungu, bijimai biyu gare ni, su ne duk ƙarfin gonata. Boru ciwo ne mai fasa bakin saniya da kofatonta, ta kasa ci, ta kasa tsayuwa. Ga damina ta ƙarato.

Aka turo mana likitan dabbobi daga Birnin Kebbi, wani siriri mai yawan dariya, da akwatin ƙanƙara ɗaure a bayan babur. Kafin ya iso, labarinsa ya riga shi: wai ya biya ta wani gida a bayan gari, na mutanen Zuru masu kiwon aladu, ya yi musu rigakafi. Ni na fi kowa yaɗa maganar a bakin masallaci, har da ƙari.

Da ya zo ƙofata na tare hanya.

"Hannun da ya taɓa alade ba shi taɓa bijimina."

"Baba, allura na yi musu, ban ci ba," ya ce yana dariya. "Alade in ya kamu, numfashinsa kaɗai ya isa ya kwantar da shanun gari. Don shanunku na fara da su."

"Je ka da wayonka."

Bai yi fushi ba. Ya wanke takalmansa da ruwan magani, ya sa sabuwar allura, ya shiga gidan maƙwabcina.

Ruwan farko na sauka, jan bijimina ya fara dalalar da miyau. Kunya ta hana ni aika wa likitan, maƙwabcin ne ya buga waya. Ya zo da rana tsaka, bai ɗaga tsohuwar magana ba. Ya sa aka raba bijiman, ya durƙusa cikin kashin shanu, ya zura hannu ya kamo harshen da ya saɓule, yana wankewa da ruwan kanwa, yana yi wa dabbar magana a hankali. Haka ya riƙa zuwa har bijimin ya miƙe ya soma tuƙa.

Na yi huɗa a makare, amma na yi, da bijimaina duka biyu.

Ranar zuwansa na ƙarshe azahar ta same mu a turke. Ya saɓa hannunsa da sabulu, na zuba masa ruwa ya yi alwala, na shimfiɗa tabarma.

"Malam likita, wuce gaba."

"A'a Baba, kai ne babba."

"Wuce dai," na ce, na tsaya a bayansa.